Sayen Gida a Abuja ta Hannun Kamfanin Dillanci: Abin da Na Gani Bayan Na Baro Kano

A farkon shekarar 2024 aka yi mini canjin wurin aiki daga Kano zuwa Abuja. A lokacin na ɗauka cewa mafi nauyin al'amarin shi ne raba yara da makarantarsu, da rabuwa da maƙwabtan da muka daɗe muna sahu ɗaya a masallaci. Sayen gida kuwa ban sa shi cikin lissafin wahala ba, domin na taɓa sayen fili a Kano, na gina shi da kaina, kuma ni na tsaya a kan cinikinsa ranar da na sayar. Wata goma na yi ina hulɗa da wani kamfanin dillancin gidaje mai ofis a Wuse kafin na karɓi makullin gidan da iyalina suke ciki yanzu a Kubwa, kuma a cikin waɗannan watanni na gane cewa sanin cinikin gida a Kano bai isa ya sa mutum ya san cinikin gida a Abuja ba. Zan bayyana aikin da kamfanin ya yi mini, inda ya kyauta da inda ya gaza, ba tare da kama suna ba, domin irinsa suna da yawa a birnin kuma kusan tsarin aikinsu ɗaya ne.

A unguwannin Kano da na sani, amincin gida yana hannun mutane. Dillali ya kai ka ka gani, ka tambayi maƙwabta asalin gidan, ka ji ko na gado ne da ba a gama rabawa ba, sannan a zauna gaban mai unguwa da shaidu a rubuta takardar ciniki, mai gida ya ce ya sallama, a ba dillali la'adarsa, a yi addu'ar Allah ya sa albarka. Akwai hukumar bayanan filaye ta jihar Kano, KANGIS, ga mai son ya tantance takarda, amma mutane da yawa sun fi dogara ga cewa kowa a layin ya san gidan wane ne, kuma wanda ya sayar da abin da ba nasa ba zai rasa inda zai sa fuskarsa. Da wannan tunani na shiga ofishin kamfanin, ina sa ran za a buɗe mini hotunan gidaje in zaɓa. Ma'aikacin da aka haɗa ni da shi bai nuna mini hoto ko ɗaya ba a ranar. Ya tambaye ni inda ofishinmu yake, da ƙarfe nawa nake shiga aiki, da yawan yaran da ke zuwa makaranta, da ko mota ɗaya ce a gidan. Bayan haka ya tambayi kuɗin da na tanada. Da na faɗi abin da na samu daga sayar da gidana mai ɗaki huɗu da tsakar gida, sai ya ce mini cikin ladabi: "Yallaɓai, gara in gaya maka gaskiya tun yau. Wannan kuɗin ba zai sayi irin gidan da ka bari ba a Gwarinpa ko Wuse, balle a yi maganar Maitama da Asokoro." Maganar ta yi mini zafi, amma ita ce alheri na farko da kamfanin ya yi mini, domin ta hana ni ɓata watanni ina zagayen unguwannin da ba na ƙarfina ba.

Shawara ta biyu da suka ba ni ita ce kada in sayi komai kafin damina ta yi nisa. Suka ce in kama haya ƙarama tukuna, in koyi gari, in ga yadda kowace unguwa take kasancewa a watan Agusta. Gaskiya ne cewa sun ci la'adar hayar, don haka ba za a ce shawarar ba ta amfane su ba, amma sun jinkirta babbar la'adarsu da wata da watanni, kuma da zan iya tafiya wajen wani dillalin a tsakani. Na ga amfanin wannan jinkiri da idona. Akwai wani gida a Lokogoma da ya kwanta mini a rai a watan Maris, sabon fenti, tayil mai kyau, farashi da sauƙi idan aka kwatanta da na kusa da shi. Da muka koma bayan ruwa ya sauka sosai, sai ga shatin ruwa a jikin katanga ya kusa kai gwiwa, hanyar shiga kuma ta zama kwata. Wasu sassan Lokogoma da Lugbe sun yi suna wajen ambaliya saboda gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa, kuma mazauna Abuja sun san haka, amma mutumin da ya zo daga Kano a lokacin rani ba shi da yadda zai sani sai an gaya masa.

Inda kamfanin ya fi cancantar kuɗinsa shi ne batun takardu, kuma a nan zan ɗan tsaya, domin a nan ne baƙo ya fi yin asara. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta, amma a Babban Birnin Tarayya ikon yana hannun gwamnatin tarayya, kuma Ministan Abuja ne yake bayar da fili. Takardar shaidar mallaka, wadda kowa yake kira C of O, yawanci ta shekara 99 ce ga gidan zama, kuma bayananta suna ajiye a hukumar AGIS da aka kafa zamanin da Malam Nasir El-Rufai yake minista. Birnin yana da ƙananan hukumomi 6, wato AMAC (ta cikin garin Abuja), Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, kuma a shekarun baya shugabanninsu sun rarraba filaye masu yawa da takardunsu. Waɗannan takardu suna nan suna yawo a kasuwa, da hatimi da sa hannu, suna kama da na gaske a idon wanda bai sani ba, alhali ba su da ƙarfin takardar minista sai an kai su an tantance an daidaita su. Ƙasa da su kuma akwai filayen da ake saye daga hannun dagatai da iyalan ƙauyukan da birnin ya cim musu, inda abin da mai saye yake riƙe da shi bai wuce takardar yarjejeniya ba. A Kano sa hannun dagaci ko mai unguwa yana da nauyi a zuciyar mai saye. A Abuja ba ya hana katafila zuwa idan ginin ya saɓa wa tsarin birni ko kuma an riga an ba wani filin.

Wani abokin aikina, da kyakkyawar niyya, ya kai ni wani gida a wajen Dutse Alhaji wanda wani ɗan garinsu yake sayarwa. Gidan ya yi mini, mai shi mutum ne mai mutunci a fuska, mun yi sallar la'asar tare, kuma da a Kano ne da a ranar zan ba da kafin alƙalami. Na kai maganar wajen kamfanin duk da cewa ba su suka samo gidan ba. Lauyarsu ta ce kada in ba da ko sisi sai ta shigar da buƙatar bincike a AGIS, sai kuma safiyo ya je ya ɗauki lambobin filin ya gwada su da abin da ke cikin taswira. Sakamakon ya nuna cewa takardar ta ƙaramar hukuma ce da ba a taɓa daidaitawa ba, kuma ba a sami izinin gini daga sashen kula da gine-gine ba. Ban yi imani cewa mai gidan ya yi niyyar cutata ba, domin shi ma haka ya saya kuma ya zauna shekaru babu wanda ya taɓa shi. Sai dai lauyar ta bayyana mini cewa zaman lafiyar da ya yi ba hujja ba ce a gaban hukuma, kuma babu bankin da zai karɓi irin wannan takarda. Na haƙura da gidan, na kuma sha kunyar abokin aikina na ɗan lokaci. Rahoton binciken da ta ba ni a rubuce yake, shafi biyu, cikin harshe mai sauƙi, kuma ta zauna ta karanta mini shi layi bayan layi ba tare da gaggawa ba.

Wani abin da suka wayar mini da kai a kansa shi ne iyakar birnin. Tallace-tallace da yawa a Facebook da WhatsApp suna cewa gida yana Abuja, amma idan aka je sai a tarar yana Mararaba ko Masaka, waɗanda ke cikin jihar Nasarawa, ko kuma Madalla da Suleja, waɗanda ke cikin jihar Neja. Ba aibu ba ne zama a waɗannan wurare, Hausawa da yawa suna can suna harkokinsu, kuma kuɗina zai iya sayen gida mai faɗi a Masaka har in sami canji. Amma takardar can ta gwamnan jiha ce, a wata hukuma daban ake bincikenta, kuma darajar gidan idan an tashi sayarwa ba ɗaya take da ta cikin birnin tarayya ba. Ma'aikacin bai tsaya yi mini dogon bayani a kan hanya ba. Ya ce in same shi a Mararaba da ƙarfe shida da rabi na safiyar Litinin, muka shiga motata muka nufi Sakatariyar Tarayya ta Nyanya da AYA. Abin da na gani na cunkoso a wannan safiya ya ishe ni yanke hukunci, domin na lissafa sa'o'in da zan riƙa ɓatawa kullum da kuɗin mai, wanda ya yi tashin gwauron zabi tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, sai na ga arahar gidan za ta ƙare a kan titi.

Sun kai ni rukunan gidaje da dama a Lugbe da Karsana da Dawaki. A nan ma akwai abin koyo, domin a rukunai da yawa babbar takardar filin tana da sunan kamfanin da ya gina, mai saye kuwa wasiƙar ba da gida kawai yake karɓa daga wajensa, sai daga baya a nemi a fitar wa kowa tasa. Akwai kuɗin hidima na shekara-shekara don masu gadi da kwashe shara da gyaran hanya, abin da ban saba biya ba a Kano. Akwai kuma sayen gida tun yana kan takarda ko yana kango, a riƙa biya kashi-kashi. Wannan ya ja hankalina saboda sauƙin biya, amma suka nuna mini cewa a shekarar da farashin siminti da rodi yake sauyawa kusan kowane wata, yarjejeniyar da ta ba magini damar ƙara kuɗi a tsakiyar aiki tana iya cinye duk ragin da aka yi wa mutum. Sun yi wannan bayani ne alhali suna da irin waɗannan gidaje a hannunsu da suke son sayarwa, kuma na riƙe musu wannan a matsayin gaskiya.

Babban ƙorafina a kansu shi ne kuɗaɗen da ba a bayyana mini tun farko ba. A zaman farko an gaya mini la'adar kamfani, kashi 5 cikin 100 na farashin gida, na kuma amince. Ba a gaya mini cewa kowace fita ganin gida tana da kuɗinta ba sai da muka dawo daga fita ta farko. Kuɗin lauya na rubuta takardar miƙa mallaka ya zo daban, na safiyo daban, sannan a makonnin ƙarshe, bayan na riga na ƙulla ciniki, aka kawo mini lissafin neman amincewar minista da harajin hatimi da kuɗin rajista. Waɗannan na ƙarshe ba aljihun kamfanin suke shiga ba, haƙƙin hukuma ne, kuma doka ta wajabta neman amincewar kafin mallaka ta koma sunan mai saye. Amma kamfanin ya san da su tun ranar da na shigo, kuma ya san cewa ni baƙo ne mai ƙayyadadden kuɗi. Da sun ba ni takarda guda mai ɗauke da jerin duk abin da zai biyo bayan farashin gida, da na rage burina tun da wuri, da kuma ban kai ga neman rance wajen ɗan'uwana a kan abin da ya kamata in shirya masa ba. Na faɗa wa manajansu haka a fili, ya karɓi maganar, amma karɓar magana ba ta mayar da kwanakin da na yi cikin damuwa ba.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan wuyar bayani, kuma ina ganin ya fi shafar duk Bahaushen da zai zo daga Kano ko Zariya ko Katsina. Ma'aikacin farko ya san unguwanni da farashi, amma bai fahimci yadda muke zama ba. A wajensa gida shi ne yawan ɗakuna da banɗakuna da kyawun silin. Na yi ta maimaita masa cewa ina son gidan da baƙo namiji zai shigo ya zauna ba tare da ya ratsa ta inda iyali suke ba, da ɗan fili a baya inda za a yi girkin taro a shanya kaya, da ɗaki a ƙasa saboda mahaifiyata idan ta zo ba ta iya hawa bene. Duk da haka sau huɗu yana kai ni jerin benaye masu bango ɗaya, waɗanda ƙofarsu take buɗewa kai tsaye cikin falo, matakala kuma tana tsakiyar falon. A wani rukunin ma dokar mazauna ta hana ajiye dabba ko ta kwana biyu, ban kuma ji wannan daga bakinsa ba sai da na tambayi mai gadi inda mutane suke ɗaure ragon layya. Ban sa ran samun zaure da soro a Abuja ba, na san gini ya sha bamban. Abin da nake nema shi ne wanda zai gane buƙatar da zaure yake biya, ya nemo mini gidan da za a iya biyanta ta wata hanya. Sai da na nemi a sauya mini ma'aikaci aka haɗa ni da wani matashi ɗan Suleja, wanda a fitarmu ta biyu ya kai ni gidan ƙasa mai ƙofa biyu da ɗakin baya, ya kuma nuna mini masallacin layin kafin in tambaya. Kamfanin yana da irin wannan ma'aikaci tun farko, don haka wata uku da kuɗin fita huɗu sun tafi a kan abin da tambaya ɗaya a teburin karɓar baƙi za ta magance.

A batun cikon kuɗi ma iliminsu ya tsaya rabin hanya. Sun san tsarin asusun gidaje na ƙasa da ke ƙarƙashin bankin lamunin gidaje na tarayya, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin 100 na albashi dominsa, ana kuma ba da rance a kan ruwa kashi 6 cikin 100 har zuwa shekara 30. Sun yi mini bayaninsa da kyau, sun kuma gargaɗe ni cewa fitowar kuɗin tana ɗaukar lokaci, kuma mai gida ba lallai ya jira ba. Amma da na ce ba na son rance mai ruwa, na tambayi yadda hanyoyin bankin Musulunci irin su murabaha ko ijara suke aiki a sayen gida, babu wanda ya iya ba ni amsa a ofishin, alhali bankin Jaiz yana aiki tun 2012 kuma hedikwatarsa tana cikin Abuja, ga kuma wasu bankunan da ba sa mu'amala da ruwa da suka biyo baya. Ni na je na yi tambayoyina da kaina. Kamfanin da ke karɓar masu saye daga Arewa kusan kullum ya kamata ya tanadi wanda ya san wannan fanni.

Gidan da na saya a Kubwa, cikin ƙaramar hukumar Bwari, bai kai wanda na bari girma ba, kuma sai da na ƙara kuɗi a kan abin da na sayar. Yana da C of O da sunan wanda ya sayar mini, bincike ya nuna ba a jinginar da shi a banki ba, kuma lauyar ta dage sai mai gidan ya biya bashin harajin fili na shekarun da suka taru kafin a kammala. A lokacin na ga kamar tana tsawaita magana a kan ƙaramin abu. Da aka shiga shekarar 2025 hukumar birnin ƙarƙashin Minista Nyesom Wike ta soke dubban takardun filaye saboda rashin biyan wannan haraji, sai na fahimci abin da take tsare mini. Matashin ɗan Suleja kuma ya duba mitar wuta ya tabbatar babu bashin kamfanin AEDC a kanta, ya buɗe famfo a gabana, ya kuma tambayi maƙwabta kwana nawa ruwan hukuma yake zuwa a mako. Ya lura da wani abu da ni ban kawo a raina ba, wato daga Kubwa mutum yana fita Zuba ya hau hanyar Kaduna ba tare da ya ratsa cikin gari ba, ga kuma tashar jirgin ƙasa mai zuwa Kaduna a kusa. Ga wanda iyayensa suke Kano kuma yana zuwa gaishe su duk wata, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Zan iya tura wanda ya zo baƙo wajen wannan kamfani, musamman saboda lauyarsu da safiyonsu, amma da sharaɗi biyu: ya nemi a rubuta masa dukkan kuɗaɗen da zai biya tun ranar farko, ya kuma nemi ma'aikacin da ya san zaman gidan Hausa kafin a fara fita. Wanda ya riga ya shekara biyar a Abuja, ya san unguwanni kuma yana da lauyan da ya amince da shi, ba lallai ne ya ga abin da zai sa ya biya wannan la'ada ba. Bayan an miƙa mini makulli kulawarsu ta ragu ƙwarai, domin a da su suke kirana, yanzu kuwa ni nake kira sau biyu ko uku kafin in ji inda aka kwana a kan takardar amincewar minista, wadda har yau tana hannun hukuma, kuma sai ta fito sunana zai hau kan gidan.